Jitar da aka auna da fartanya

Jitata ta lantarki ba daga kanti ta fito ba. Wani masassaƙi a Yako ne ya yi mini ita, mutumin da aka sani da ƙota da turmi. Shi ya sassaƙa itacen, ƙaninsa mai gyaran rediyo ya sa wayoyi.

Da na je masa, bai tambayi irin kiɗan da nake so ba. Cewa ya yi in kawo fartanyata. Na yi tsaki a raina, na hau babur na koma gida Ba'awa na ɗauko. Ya shafa ƙotar, ya duba inda tafina ya cinye itacen, ya ce, "To, yanzu na san hannunka."

Bayan sati uku na karɓo jitar, jan maɗaci sai ƙyalli, wuyanta ya zauna mini a hannu kamar tare aka haife mu. Da la'asar na jona ta da lasifika a ƙofar gida na kaɗa. Kaji suka watse, Baba ya fito.

Baba ba ya son kiɗa, don haka na shirya shan faɗa. Ya karɓe ta, ya damƙi wuyan, ya jinjina. Ko tsirkiya ɗaya bai taɓa ba.

"Wa ya sassaƙa wannan?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Tunda nake noma ban taɓa riƙe ƙota mai daɗin wannan ba. Gobe ka kai masa fartanyata. Wannan kuwa, an yi asarar itace."