Rumman Bai Ƙara Mini Jini Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu sun fara tambaya ko ina raye. Ina nan. Abin da ya fito da ni shi ne gardamar da na ga kuna yi kan rumman da wani ganyen Turawa mai ɗaci, wai wanne ya fi amfani. An taɓa yin irin wannan gwaji a jikina. Ban taɓa ba da labarin ba, don ba ya ƙara mini daraja.

A shekarun 1980 ne, ina sabon malamin firamare a Illela. Da haki abin ya fara. Tafin hannuna ya yi fari fat, ƙafafuna suka kumbura. Ran nan ina rubutu a allo na yanke jiki na faɗi.

A asibiti aka auna jinina da bayan gida. Likita ya ce tsutsar ciki ce ta shanye jinin, sakamakon yawon da nake yi ba takalmi a bakin tafkin Kalmalo. Ya ba ni maganin tsutsa da ƙwayoyin ƙarin jini.

Ya ce, "Mako uku. In bai hau ba, sai Sakkwato, a yi maka ƙari."

Na ji tsoro. A gidanmu, wanda aka kai Sakkwato ƙarin jini, addu'ar bankwana ake yi masa.

Mahaifina malami ne mai makarantar allo. Ya ce rumman ɗan itacen Aljanna ne, ga shi ja kamar jini. Ya sa ana sayo shi daga Ƙonni ta Nijar da kuɗin sefa, duk tsadarsa. Ni kuma mai boko na goyi baya, har na ajiye ƙwayoyin don suna ɗaure mini ciki.

Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, kullum sai ta kawo kwaɗon zogale da rama. Kullum sai in ture kwanon.

"Gwaggo, ni akuya ne?"

"Ka taɓa ganin akuya ta faɗi gaban allo?"

Bayan mako uku aka sake awo. Jini bai motsa ba.

Likita ya ce, "Mi kake ci?"

Na ce rumman, ina ɗaga kai.

Ya ajiye biro. "Malam, rumman yana da kyau, amma jan launi ba jini ba ne. Sinadarin ƙarfen da jini ke buƙata kaɗan ne a cikinsa. Ganye ya fi shi, wake da hanta sun fi. Ka sha rumman ɗin bayan ka ci ganyen, zai taimaka jiki ya karɓa. Ƙwayoyin fa?"

Na duƙar da kai. Ya ƙara mini mako biyu.

Da na gaya wa mahaifina, sai ya ce, "Wanda ya halicci rumman, shi ya halicci zogale. Kirawo Hajo."

Gwaggo ta zo. Kwanon kawai ta sauya da babba, abin da ya fi zagi ciwo.

Na ci, na sha ƙwayoyina. A awo na gaba jini ya fara hawa. Ba a kai ni Sakkwato ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitan nan, ya jiƙan mahaifina da Gwaggo Hajo, wadda ba ta san sunan sinadari ko ɗaya ba.

In kun ji haki da jiri, ku je a auna jininku. Ku shanye maganin da aka ba ku. Ku sa takalmi a wurin danshi. Kuma in tsohuwa ta ajiye muku kwano, ku ci tukuna, gardama ta biyo baya.