Gidaɗo da Masu Sayen Wahala

Gidaɗo ɗan Mubi ne, ya zo Manchester a 2013 yin digiri na biyu. Mutum ne mai son girma, wanda ko shara zai fitar daga gidan hayarsu na unguwar Whalley Range sai ya goge takalmi.

Da hutu ya zo, wani ɗan ajinsu, Callum, ya lallashe shi su bi gaɓar tekun Portugal a ƙafa, kowa da jaka a baya. Kwana huɗu suna taka yashi, suna kwana da wasu matafiya, su goma sha biyu a ɗaki mai warin safa, abincinsu burodi da kifin gwangwani. Callum, wanda ubansa ke da gidajen haya a Birmingham, ya ƙi wanka, sai ɗaukar hoton yagaggen takalminsa yake yi.

"Wannan ita ce rayuwa ta gaskiya," in ji Callum.

Gidaɗo ya dube shi sheƙeƙe. A unguwarsu ta Manchester ya baro mata a layin food bank, inda ake raba wa mabukata abinci kyauta, babu mai ɗaukar hoto.

"Wahalar da ka san ranar ajiye ta ai wasa ce," ya ce.

Rana ta biyar aka tsuge da ruwa, Callum ya kira uwarsa ta kama masa otal. Gidaɗo ya ƙarasa tafiyar shi kaɗai don taurin kai, har ƙafafunsa suka kumbura.

Da ya dawo, maƙwabciyarsa Raki ta tambaye shi yaya teku.

"Teku kam lafiya lau," ya ce. "Mutanen ne ba su da aikin yi."