Batirin Malama Asabe

Gummi

Ƙarfe shida saura kwata na bar gida, ko kunun Inna ban tsaya sha ba. Kwana uku ke nan hankalina ba ya jikina. A hutun nan aka ɗauke ni cikin wani shiri mai haɗa ɗaliban jami'a da ƙwararru, muna aiki a kan manhajar da kowa ke iya buɗewa ya gyara. Tamu ta ma'aikatan lafiya ce, a cikinta suke rubuta yaran da aka gwada wa gubar dalma da ranar da za su dawo asibiti.

Sai ga ƙorafi a zaurenmu na intanet. Wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Asabe, a wani ƙauyen Bukkuyum, sunaye na ɓacewa daga wayarta. Shugabanta ya ce ƙarya take, zama take a gida, ƙarshen wata zai sallame ta. Jagorana, Baturen da ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya rubuto: "Mun gwada, lafiya lau. Kai ne kusa da ita."

Kusa! Shi a taswira yake gani.

Mu takwas aka cusa a Golf mai zuwa Bukkuyum, ɗari bakwai kowa. A shingen Daki Takwas ɗan sanda ya ɗaga kwamfutata yana juyawa.

"Mi kaka saidawa?"

"Ba saidawa nake ba, yallaɓai. Kyauta muke yi."

Direba ya kwashe da dariya. "Ƙyale shi. Wanga karatu ya taɓa mai kai."

Bukkuyum

Tara da rabi muka iso. Na ci waina a tsaye, na hau mashin, minti arba'in muna tsallen kwazazzabai. Malama Asabe dattijuwa ce, siririya, ba ta da wasa. Na durƙusa na gaishe ta, ta miƙo mini wayar ba tare da ta dube ni ba.

Awa biyu ina latse-latse, gumi na zuba, ban ga komai ba. Wallahi har na fara zarginta a raina. Sai wayar ta mutu.

"Taho mu kai ma Ɗan'ige," in ji ta.

Ɗan'ige shi ne mai janareton caji a bakin kasuwa. Ina kallo ya ɓalle bayan wayar, ya zaro batirin, ya maƙala a irin cajar nan mai haƙora biyu.

"Kullum haka kuke yi?"

"Awo. Waya sittin, ina ni ina igiya sittin?"

Da aka mayar da batirin na duba agogon wayar. Ya koma shekaru baya. Innalillahi! Ni da hannuna na rubuta layin da ke share duk bayanin da ya wuce wata uku, don kada ƙananan wayoyi su cika. Duk yaron da ta rubuta sai ya ɗauki tsohuwar rana. Da ta shiga gari wayar ta samu sabis ta gyara agogonta, sai aikina ya share su tas.

Na faɗa mata.

"To ɗana, ni kaka gaya ma? Ni na san na yi aikina."

Anka

A Anka shugaban nata yake, can kuma sabis ke da ƙarfi. Biyu da kwata na samu motar buhunan gero, na zauna a bisa kaya. Gyaran layi uku ne. Zan iya tura shi shiru, in ce ƙaramin gyara, babu mai tambaya. Saura kwana biyar a tantance mu, wanda ya faɗi an cire shi. Duk tsawon hanyar da wannan nake kokawa, kuma ba zan ɓoye ba, sau biyu shirun ya rinjaye ni.

Bayan la'asar na zauna a benci gaban wani shago, na rubuta a zauren da duniya ke karantawa: kuskuren nawa ne, ga layin, ga sunana a kansa, ma'aikaciyar ba ta da laifi. Na buga a takarda, na kai wa shugaban. Ya karanta sau biyu.

"Yanzu kai ka zo har nan ka kai ƙarar kanka?"

Ya ɗaga waya ya kira ta a gabana. Na kwana a ɗakin wani abokin karatuna.

Gida

Washegari sha ɗaya na sauka a Gummi lafiya, alhamdu lillahi. Godiyata ga Ɗan'ige da mai motar gero da wanda ya ba ni masauki. Jagorana ya karɓi gyaran, Malama Asabe ta tsira da aikinta. Da na kira in ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Bar wannan. Sunayen ɗiyan nan, za su dawo?"

Na ce ba za su dawo ba.

"To sai an jima," in ji ta. "Bari in bi su gida gida."