Ranar da Yaya Ya Zagaya Ƙwaƙwalwarsa

Abu biyu aka ajiye mana a gaba: bakin Yaya da sauran kwanakinsa. Likita ta ce in an yi sauri ana iya tsira da duka biyun, in an yi jinkiri ko ɗaya ba tabbas.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dillalin shanu ne a kara, nan Agege. Ni kuma kai da ƙafa nake saye wurin mahauta, ina rarraba wa masu abinci har Ogba da Ikorodu. Ni jarina kaya ne, shi jarinsa baki. Bafulatani ya sauke shanu, mahauci Bayarabe ya zo saye, Yaya zai shiga tsakani, ya yi wa wannan Fulatanci, ya yi wa wancan Yarabanci, har a sallama.

Wata rana ana tsakar ciniki magana ta ɗauke masa, ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti suka tura shi cikin wata na'ura mai kama da rami, suka ce ya riƙa ambaton sunayen abubuwa a zuci. Ya ce, "Da wane yare?" Suka ce duk wanda ya zo masa.

Da muka koma, likitar, wata Bayarabiya matashiya, ta juyo mana da kwamfuta. Na fasa kan saniya ba adadi, na san ƙwaƙwalwa da lanƙwasarta, amma ban taɓa ganin ta mutumin da ke zaune kusa da ni ba. Ga ta nan sukutum a baƙin allo, ruwan toka, in an taɓa ta juya. A gefen hagu, saman kunne, akwai jan tabo kamar ɗan goro. Dab da shi kuma ga wani ruwan ɗorawa.

"Baba, jan nan shi ne ƙarin," in ji ta da Yarabanci. "Ruwan ɗorawan kuma wurin da ya yi aiki ne lokacin da kake ambaton sunaye. Nan maganarka take. Yanzu akwai 'yar tazara tsakaninsu, wuƙa za ta iya bi. Amma ban yi alkawarin bakinka zai fito yadda ya shiga ba."

Yaya ya gyara zama. "'Yata, juya min ita." Ta juya. "Ta ƙeya. Yawwa. Ɗaga in ga ƙasanta."

Haka yake zagaya bijimi kafin ya yi masa kuɗi. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Ka gani? Ko'ina lafiya lau. A kan wannan ɗan abin za a fasa min kai?"

"Yaya, ɗan abin ne ya kayar da kai a gaban jama'a."

"Kai mai sayen kan matattu, me ka sani a na masu rai? Dabbar da ke tsaye tana cin dusa ba a sa mata wuƙa. Sai ta kwanta."

Wannan ƙa'idar kara ce, kuma a kara daidai take. Ga Babbar Sallah ta matso, ya ce a bari sai an ci kasuwa. Likita ta ce abin nan ba ya jira. Ya yi murmushi ya ce kowane mai kaya haka yake faɗa. Ya miƙe ya nufi ƙofa a hankali, irin tafiyar da ake yi don mai kaya ya kira ka ya sassauta. Ta kira shi kuwa, amma maganin hana faɗuwa kawai ta ba shi, ta ce kada ya daɗe.

Maganin ya tsayar da faɗuwar, sai Yaya ya ɗauka shi ya ci cinikin. Bayan Sallah ya ce sai bayan damina. Na yi magana, matarsa ta yi, limamin unguwa ya yi. Ƙani ba ya ɗaure wansa ya jefa a motar haya ya kai asibiti.

Fulatancin ne ya fara tafiya, Yarabanci ya bi shi yana gutsurewa. Da aka sake hoton, jan ya kai girman lemo, ya ci cikin ruwan ɗorawan, babu sauran tazara. Wannan karon likita da kanta ta yi ta juya ƙwaƙwalwar tana neman hanya, Yaya yana kallon ƙasa. An yi aikin, an cire abin da ya ciru. Ya ƙara watanni a duniya, "to" da "Allah" kaɗai suka rage masa.

Na san in kwana ya ƙare babu likitan da zai ƙara. Amma ni ɗan kasuwa ne, ba na tashi ban duba riba da faɗuwa ba. Ya samu kasuwar Sallah ɗaya da bakinsa cikakke, ya kuma ji daɗinta, wannan ba na musu. Amma kusa da ƙarshe ya riƙe min hannu, yana nuna 'ya'yansa, yana ta motsa leɓe, har ya gaji ya sake ni. Ya tafi da wasiyyarsa a ciki. Mun faɗi.