Hoton da Na Tuttule wa Ruwan Buta

Har gobe ranar da aka kawo mini mai gyara ba za ta fita raina ba. Shekarata ta biyu ke nan ina buga hoto a ɗakina a Ƙanƙara. Ku da kuke koyo a wurina, ku san ba ilimi ke kawo mini mata ba, firamare kawai na yi. Hoton da mace ta ɗauka ba ɗankwali, ba ta kai shi shagon maza. Ni take turo wa a waya, in buga, in goge shi daga wayata a gabanta.

Ran nan Hajiya Binta ta Ketare ta turo hoton 'yarta amarya, kitso a waje, na ɗakin mijinta kaɗai. Na tura wa firinta, ta ƙi. Kan ya toshe, wato tawada ta bushe a inda take fitowa. Ga goyo yana ta kuka, hankalina ya rabu, na manta ban soke aikin a wayata ba.

Maigidana ya ɗauko Malam Sabi'u mai gyara daga Faskari, aka kai masa firintar zaure. Ya wanke kan da sirinji, ya kunna. Ina bayan ƙofa na ji ta ja takarda. Ashe hoton amaryar nan ta buga.

"Kai, kala ta fito!" in ji Malam Sabi'u. "Wannan a shagona zan liƙa, a ga aikina."

Na ce, "Malam, ba ni. Matar aure ce."

"Ke kuma, takardar gwaji ce fa. Wa ya san ta a Faskari?"

Ji fa! Kamar 'yan Ketare ba su da ƙafar zuwa Faskari. Shi kuma maigidan sai cewa ya yi, "Hauwa, bi a hankali."

Na zura hijabi, na sure butar da ke bakin ƙofa. Tawadarmu ba ta shiri da ruwa, balle ɗanya. Hoton na kan tabarma yana shan iska, na tuttule masa. Fuskar ta narke, ja da shuɗi suka gangara ƙasa.

Ya miƙe yana faɗa, wai ba zai ƙara taɓa mini inji ba. A raina na ce Allah raka taki gona.

Washegari na buga wa Hajiya wani, na goge a gabanta. Shi ya sa kuke ganin sirinji nake fara ɗora muku kafin bugu. Mai riƙe sirrin mata, ita ke wanke kan firintarta.