Ƙwai a Bayan Motar Soja

Shekarun baya, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zariya ba, muna haya a Samaru, ni da maigidana da 'yarmu ta fari tana wata biyar. A da shi direban tanka ne. In ya tafi Legas sai ya yi sati biyu ban sa shi a ido ba, ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. Yarinya ta yi atishawa sau biyu a jere, na ɗauki mayafi na nufi kemis. To ku ƙiyasta halin da nake shiga in aka ce wata tanka ta kife a hanya. Har ramewa na yi. Surukata tana cewa shayarwa ce, ni na san ba ita ba ce.

Da ya ga haka sai ya ce shi ma ya gaji da doguwar hanya. Ya tattara abin da ya tara, ya sayo tsohuwar motar soja a gwanjo. Koriya ce shar, taya goma, in ta tsaya a ƙofar gida sai ta tare mana rana.

Ga abin da ya sa ya saye ta. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta, Kirista 'yar kudancin Kaduna, kowa Mama yake ce mata, tana kiwon kaji a bayan Samaru. Ita da wasu masu kaji suna neman mota ɗaya da za ta riƙa kai musu ƙwai kasuwar Sabon Gari, musamman da damina, don hanyar gonakinsu taɓo take zama, ƙananan motoci su kafe. Motar soja ba ta kafewa. Illarta tsawo. Ba ta iya juyawa a ƙofar gonar Mama, balle a layin masu ƙwai. Sai aka ce a gajarta ta.

Ya kai ta garejin wani dattijo Ibo a Sabon Gari, haifaffen nan, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Oga suke ce masa. Aka yanke ƙarfen bayanta, aka cire layin tayoyi guda, ta koma taya shida. Duk wannan a bakin maigidana nake ji, don in ya zauna cin tuwo ba shi da wata hira sai ta mota. A nan na fara sanin sifirin, wato ƙarafan nan masu faɗi da ake jerawa falle kan falle a saman taya, su suke lotsawa su shanye gargadar hanya. Na asalin motar layi biyu yake riƙewa, da aka cire ɗaya ya tashi daga aiki, dole a zaɓi wani.

Oga ya ce akwai irin motar a bayan gareji ta mutu, a ciro sifirin gabanta a sa a bayan tamu, ya fi laushi. Direbobin da ke zaune a wurin suka kwashe da dariya.

"Na gaba a baya? Oga, keken jarirai za ka haɗa masa?"

Ku sani, a wajen direbobinmu sifirin ƙara shi ake yi, ba a ragewa. Kowa lodi yake yi har mota ta durƙusa, saboda haka duk wanda ya sayi mota, kafin ma ya yi mata fenti sai ya ƙara falle biyu. Maigidana ya sa aka ɗaura na tifa, ya kuma ƙara fallensa biyu kamar kowa. Ya dawo gida yana ta murmushi, ya ce ko giwa aka ɗora mata ba za ta ji ba.

Tafiyar farko, da bokiti biyu na fasasshen ƙwai ya dawo. Muka soya, muka dafa, muka raba wa maƙwabta, har warin ƙarni ya kama labulena. Ya ce laifin masu jerawa ne. Tafiya ta biyu aka shimfiɗa ciyawa, ya yi ta rarrafe da mota kamar mai rakiyar amarya. Bokiti ɗaya da rabi. Mama ta kira shi gefe.

"Ɗana, ina son ka da aikin nan, amma kajina ba don wainar ƙwai suke wahala ba. Saura sau ɗaya. In aka kuma, ka yi haƙuri."

A satin ne tsohon ubangidansa mai tanka ya aiko cewa tanka tana nan tana jiransa. Sai dai na ga ya ciro jakar tafiyarsa daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe ta, ya ajiye a bakin ƙofa.

Kwana biyu bayan haka ranar rigakafin yarinya ta zo, ya ce mu hau ya sauke mu asibiti. Wallahi ban taɓa shan jijjiga irin ta ranar ba. Kowane ɗan rami sai bayan motar ya yi tsalle ya dire, na ciji harshena, yarinya ta tsanyare da kuka tun kafin ta ga allura. A dawowa ya biya Hanwa ya ɗaukar wa abokinsa bulo, aka cika ta fal. Hanya ɗaya, ramuka ɗaya, amma sai mota ta riƙa lilo a hankali. Yarinyar da aka yi wa allura ta yi barci har gida.

Aji huɗu na tsaya a firamare, ban san komai a kan ƙarfe ba. Amma mai tsoro ba ta rasa kallo. Da ya shiga wanka, bulon yana kai tukuna, na zaro kara daga dangar maƙwabta, na auna tsakanin taya da bodi, na karya daidai wurin. Washegari da ya sauke bulon ya dawo, na sake aunawa. Bodin ya ɗaga da fiye da yatsu huɗu. Da yamma na tambaye shi, kamar da wasa, wai ƙwan nan duka nauyinsa zai kai nawa. Ya ce bai wuce buhun masara shida ba.

Ranar Juma'a, yana tafiya masallaci, na bi matan gidanmu ɗaki-ɗaki na roƙe su su hau bayan mota. Mu tara muka taru, har da mai ƙosan layinmu, wadda ta ce a lissafa ta buhu biyu kada a cuce ta. Aka kawo turmi suka taka suka hau, ana ta shewa. Na duƙa da sabon kara da na yanka daidai motar ba kaya. Ko faɗin farce ba ta sauka ba. Na ce su yi tsalle. Suka yi. Shiru, kamar sun hau dutse.

Muna cikin haka sai ga shi da darduma a kafaɗa.

"Ikon Allah! Wane gari za ku ci da yaƙi?"

Mai ƙosai ta leƙo ta ce, "Mu ƙwai ne, Malam. Ka tambayi matarka."

Na miƙa masa karan biyu. Na ce, "Maigida, wannan na ranar bulo ne, wannan na yanzu. Motarka ba ta ma san an ɗora mata ƙwai ba. Ƙarfen ba ya lotsawa, to duk dukan da hanya ta yi, ƙwan ne yake sha."

Ya juya karan, ya duƙa ya auna da kansa, ya daɗe a tsugune. Da muka shiga ɗaki ya ce, "Yanzu so kike in koma gareji, gaban mutanen nan, in ce a cire na tifa a sa na gaba, don matata ta auna da kara?"

"Kada ka ce ni ce. Ka ce kai ka gani. Ni dai jakar can ce ba na son gani a bakin ƙofa."

Sai kuka ya ƙwace mini, abin da na yi ta dannewa kwana biyar.

Da safe ya tafi Sabon Gari. Ya ba ni labari Oga ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Na faɗa maka da Hausa, na faɗa da Turanci, ashe da kara kake jin magana." Aka ciro na matacciyar motar aka ɗaura, aka rage iskar tayoyin baya. Oga ya ja masa kunne: daga yau ba bulo, ba yashi, ba siminti, in ya yi mata lodin tifa sifirin zai karye. Wannan ya yi masa ciwo, don yana samun na cefane da irin wannan lodin. Direbobi kuwa suka sa wa motar suna Hajiya, wai ba ta son wahala.

Ranar tafiya ta uku, tun hantsi nake ƙofar gida da goyo. Tuwon da na ɗora ya kama. Wajen azahar na jiyo ƙugin injinta daga kwana. Ya sauko fuska a ɗaure. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro leda, ƙwai huɗu a ciki, masu tsagu.

"Su ke nan," in ji shi. "Mama ta ce a soya wa injiniya."

Shekara tara motar nan tana jigilar ƙwai tsakanin Samaru da Sabon Gari, daga baya har da tumatir, kuma a shekarun nan duka tare muke cin tuwon dare. Fargabata dai tana nan, har gobe 'ya'yana suna yi mini tsiya a kai. Amma na daina jin kunyarta kamar da. Na gane ita ce take hana idona zama wuri ɗaya, kuma in na daure na auna abin da nake tsoro maimakon in zauna ina kuka, wani lokacin sai a samu mafita.

Bayan kamar shekara uku da gyaran motar, wani mutum ya zo daga Zabi da irin motar, shi ma ya yanke ta, buhunan barkononsa suna ta faɗowa a hanya. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, ina jin su a waje da abokan maigidana, kowa yana kawo tasa. Can sai na ji maigidana ya ɗaga murya, a gaban su duka:

"Ke, ajiye kwanonin nan ki fito. An kawo miki aiki."