Ƙyallen Anko a Damtsenmu

Mu huɗu ne muke gudun miƙa sanda a kwalejin horar da malamai da na yi a Jalingo, a shekarun farko bayan an ba mu jiharmu. Wata doguwar Bafulatana daga unguwar Turaki ce take tashi da sanda, ta miƙa wa wata 'yar Mumuye mai yawan dariya, ita ta miƙo mini, ni kuma in miƙa wa ta ƙarshe. Ta ƙarshen nan 'yar Lau ce, kuma haka kowa yake kiranta, har malamai. Gajeriya ce mai ƙafafu kamar taɓarya. In ta fizgi sanda daga hannuna, nawa aikin ya ƙare, sai in riƙe ƙugu in yi kallo. Kullum sai ta zolaye ni, wai ina gudu kamar wadda ta ɗauko ƙwai a faranti.

A hutun Kirsimeti zazzaɓi ya kwantar da ita a gida, ba ta tashi ba. Muka hau akori-kura zuwa Lau jana'iza. Kamar yadda ake yi a gidajenmu na Kirista, dangi sun fitar da anko, atamfa mai ruwan ƙasa da zanen ganye, kowa ya ɗinka ya sa. Mu da muka zo daga makaranta ba mu samu ba. Da aka dawo daga makabarta, mamarta ta ja mu bayan ɗaki, ta ɗauko ragowar atamfar, ta sa haƙori ta yaga ta gida huɗu. Da hannunta ta ɗaura mana a damtse, na huɗun ta danƙa mini.

"Ki ba wanda zai cika ku huɗu," ta ce, da irin Hausarmu ta can. "Ranar wasa ni zan zo. Ban taɓa gani yarona yana gudu ba, sai labari. Zan zo in gani wurin da yake gudu."

To, gasar kwalejoji tana da dokar kaya, kuma kowa ya haddace ta: koriyar jesi, farin siket, farar safa, kambas. Ba ɗan kunne, ba awarwaro, ko zare ba a yarda a gani a jikin ɗan wasa ba. Dokar tana da asali. Kafin zuwanmu an taɓa cin wata makaranta, sai suka ce wanda ya ci su laya ya ɗaura a damtse, aka kaure da dambe har da jifa. Tun daga nan duk abin da aka ɗaura a jiki, a wurin alƙalan wasa laya ne.

Na je na sami malamin wasanninmu tun da wuri, don kada ya ce mun yi masa ba-zata. Mutumin kirki ne, shi ma ya yi hawaye a Lau, amma tsoron manya ya yi masa yawa.

"Ku tura shi cikin safa," ya ce. "Ku kun san yana nan, Allah ya sani, shi ke nan."

"Malam, a safa? Ankon gawa mu sa a ƙafa muna takawa? Kuma matar da za ta taso daga Lau, safa za ta zo kallo?"

Ya sassauta murya. Ya tuna mini cewa ni ce yanzu a ƙarshe, a gurbin marigayiya, cewa masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo, kuma shekarata ta ƙarshe ke nan. Gaskiya ya faɗa. Ina son shiga ƙungiyar jiha kamar raina, babana har ya gama baza labari a unguwarmu ta Nukkai. Na ce masa na ji, na fita raina a ɓace.

Ranar gasa an ja layukan fili da baƙin mai, ƙaurinsa yana tashi cikin rana. Tun kafin a fara na hango Mama, mahaifiyar marigayiya, a bayan igiyar 'yan kallo, cikin ankonta, a kan benci, ta ɗora hannuwa a gwiwa kamar a coci. Muka fito mu huɗu, da wata 'yar ajinmu da ta cika mu, kowa da ƙyallenta a damtsen hagu. 'Yan wata makaranta suka fara ihu: "Laya! Laya!"

Babban alƙali ya taho da usur a wuya. "Mene ne wannan? Ku cire."

Bafulatanarmu, wadda sai ta yini ba ta ce uffan ba, ita ta amsa. Ta ware bakin ƙyallen ta nuna masa ciki da baya. "Malam, ni Musulma ce, na san laya in na gan ta. Wannan atamfa ce. Ta 'yar'uwarmu ce da ta rasu."

Ya ce ya gani, Allah ya ji ƙanta, amma doka doka ce, in ya bar mu gobe kowa zai ɗauro nasa. Nan jinina ya hau. Na nuna masa benci na ce, "Ga wadda ta ɗaura can zaune. Je ka gaya mata ta zo ta kwance, mu dai hannunmu ba zai yi ba." Ya kalli wajen, ya kau da kai. Bai je ba. Ya karɓe sandarmu, ya ce mu fita daga layi, an cire mu.

Muka fita daga layi, tunda layin nasa ne. Amma ciyawar da ke bayan layin ƙarshe ba ta kowa ba ce. 'Yar Mumuye ta ruga wurin wata mai sayar da rake, ta dawo da guntu ɗaya tana dariya da hawaye. Kowa ta je ta tsaya daidai inda ya kamata ta tsaya, sai dai a waje. Malaminmu ya ɗora hannu a ka yana kiran sunayenmu, ba wadda ta waiwaya. Da mai tayarwa ya buga katakonsa, Bafulatana ta tashi da rake tare da kowa.

Gefen waje ya fi nisa, ga ciyawa, ga ramuka, ga 'yan kallo da sai sun ja baya mu wuce. Lokacin da raken ya iso hannuna, jiƙe da gumin mutum uku, biyu daga cikin abokan gasa sun riga sun yi mini nisa. Ban kamo su ba. Amma ihun laya ya mutu, wani ihun ya tashi a madadinsa, kuma ban taɓa gudu irin na ranar ba, kafin nan ko bayan nan.

Ba a ɗauke ni a ƙungiyar jiha ba. An hana mu wasa har muka gama makaranta, babana ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. Har yau in na tuna abin da na rasa yana yi mini ciwo, kuma har yau da za a mayar da ni filin nan, a ciyawar zan sake tsayawa.

Ranar dai ban tsaya a inda ake tsayawa ba. Na zarce har gaban benci, na durƙusa ina haki, na miƙa wa Mama raken, don ba ni da wadda zan miƙa wa. Ta karɓa da hannu biyu. Ta taɓa ƙyallen damtsena, ta gyara ƙullin da ya sassauta.

"Haka yake gudu?" ta tambaye ni.

"A'a, Mama. Ta fi ni nesa ba kusa ba."

"Na sani," ta ce, sai ga dariya a fuskarta, hawaye na bin ta. "Ya gaya mini a gida. Ke ne mai ɗauko ƙwai a faranti."